Littafin manaja, kayan aikin waya ko ƙirƙirarriyar basira: amsa ga Hajiya mai ɗakin taro

Hajiya, barka da ƙoƙari. Kin ce ɗakin taronki a nan Sakkwato da babban littafi yake tafiya a hannun manaja, an taɓa ba iyali biyu Asabar ɗaya, lissafin man janareta ba ya fita, ga kuma wani matashi ya kawo miki tallar manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda za ta riƙa karɓar masu kama wuri da kanta. Kina so ki sani ko ki tsaya kan littafinki, ko ki biya kuɗin manhajar. Riƙe lissafin wurare irin naki shi ne sana'ata, don haka zan jera miki su gefe da gefe. Sai dai akwai hanya ta uku da ba ki ambata ba, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da ke a yanzu: kayan aikin waya na kyauta, wato Google Calendar (kalandar waya), Google Sheets (jadawalin rubuta lissafi a waya) da WhatsApp Business (WhatsApp na masu sana'a).

Mu fara da kama rana, tunda nan ne abin ya fi yi miki ciwo. Littafi yana da darajarsa. Ba ya neman caji, ba ya neman data, ba ruwansa da sabis, kuma dattijo idan ya ga an rubuta sunan 'yarsa da biro a gabansa hankalinsa yakan kwanta. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: shi yana wuri ɗaya, alkawari kuwa a ko'ina ake yin sa. Kina gidan suna a Arkilla, aminiyarki ta riƙe miki hannu ta ce, "Hajiya, ki aje muna Asabar ta biyu bayan Sallah." Kin ce an gama. A daidai lokacin manaja yana ofis ya karɓi kafin alƙalami daga wani mutum daga Mabera a kan wannan Asabar ɗin. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinku, amma ranar biki amare biyu ne za su tsaya a ƙofa.

Kalandar waya wannan ramin take cikewa. Ana buɗe ta sau ɗaya, ta fito a wayarki da ta manaja, duk abin da ɗaya ya rubuta ɗayan yana gani nan take. Ana iya ba maigadi da mai kula da janareta damar kallo kawai, ba tare da ikon gogewa ko ƙarawa ba. Ranar da aka biya kafin alƙalami a sa mata ja, wadda aka riƙe wa mutum na 'yan kwanaki a sa mata ruwan ɗorawa. A riƙa rubuta awa, ba rana kaɗai ba, domin walimar safe da dinar dare suna iya haɗuwa a rana ɗaya idan an bar wa masu kwalliyar wuri lokacin kwashe kayansu da masu shara lokacin gyarawa. Amma ki sani kalanda ba za ta riƙe bakinki ba. Sai kin kafa doka, kuma ke ce ta farko da za ta bi: ba a cewa "an gama" sai an buɗe waya an gani, an rubuta.

Ita kuwa manhajar da aka tallata miki, abin da take taƙama da shi shi ne amsa mutane ko da ƙarfe biyu na dare. Gaskiya ne tana iyawa. Sai dai irin waɗannan na'urori, su ChatGPT da Gemini da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp, halinsu kamar sabon yaron shago ne mai zaƙin baki wanda yake jin kunyar cewa "ban sani ba". Idan ba a haɗa ta da ainihin kalandarki da kyau ba, za ta iya ce wa mutum rana babu kowa alhali an kama, kuma da cikakken ƙwarin gwiwa za ta faɗa. Mutumin zai ɗauki hoton maganar ya zo miki da shi, a wurinsa ɗakin taronki ne ya yi alkawari.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu Sakkwatawa fiye da kowa, wato maganar wata. Jama'armu da yawa da Sallah suke auna ranar biki, Sallah kuwa sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata. Kwanan watan Hijira da ke cikin waya lissafi ne, yana iya saɓawa da sanarwar da kwana ɗaya. Za ki ce kwana ɗaya ba komai ba ne, to duba: a ce 29 ga Ramadan ya faɗo Alhamis. Idan an ga wata, Sallah Juma'a ce, Asabar ta farko bayan Sallah ita ce kashegari. Idan ba a gani ba, Sallah ta koma Asabar, ta farko bayanta sai bayan kwana bakwai. Kenan "Asabar ta biyu bayan Sallah" tana iya gusawa da mako guda cur. Manajan da ya daɗe a aikin ya san ya tsayar da mutum ya ce, "Ranka shi daɗe, mu tsai da kwanan watan bature." Na'urar da aka gina a wata ƙasa ba za ta yi wannan tambaya ba sai an koya mata. A littafi ne ko a waya, a rubuta kwanan watan bature da sunan ranar, a karanta wa mai biki ya amsa, sannan a tura masa a rubuce.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancin mutane suka koma taransifa, tare da ita kuma alat na bogi da hoton rasit da aka gyara suka yawaita. Littafi ba zai gane su ba, ƙirƙirarriyar basira ma kada ki dogara da ita a nan. Shaida ɗaya ce: a buɗe asusun banki a ga kuɗin sun shiga. Ki ware wa ɗakin taron asusunsa da na'urar POS tasa, kada kuɗin wuri su riƙa bi ta asusun manaja ko na wani yaro. Inda Google Sheets ya fi littafi nesa ba kusa ba shi ne yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, da wanda ya yi, da lokacin da ya yi. A littafi idan aka goge 300,000 aka mayar 250,000, sai rantsuwa. A nan sai a duba kawai. Wannan ba zargin manajanki ba ne. Mai amana shi ya fi kowa cin moriyar hakan, don ranar da aka yi gardama a kan ciko yana da abin nunawa.

Man janareta ne wurin da nake so ki tsaya ki duba da kyau, don nan ribar ɗakin taro take zurarewa ba a sani ba, musamman tun 2022 da farashin dizal ya yi tashin gwauron zabi. A 2024 an yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Shekarar Hijira tana gaza ta bature da kusan kwana 11, saboda haka a 'yan shekarun nan tururuwar bukukuwan bayan Sallah tana faɗawa tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40. Duk na'urorin sanyaya ɗaki a kunne, kuma tun kafin baƙi su iso ake kunna su don wurin ya yi sanyi. Janareta mai ƙarfin 100 kVA idan an ɗora masa kaya sosai yakan sha lita 15 zuwa 20 a awa. Idan kuɗin da kike karɓa a Afrilu daidai yake da na Disamba, lokacin hunturu da fanka kaɗai kan isa, to wasu bukukuwan da aljihunki kike ɗaukar nauyinsu. Littafi yakan ce "an sayi mai" da adadin kuɗi, shi ke nan. Abin da ake buƙata shi ne mai kula da janareta ya rubuta awar da ya tayar, awar da ya kashe, litar da aka zuba, da na'urori nawa aka kunna, a kowane taro. Zai iya rubutawa a takarda, manaja ya shigar a Sheets da safe.

Bayan 'yan watanni da irin wannan rubutu, to a nan ƙirƙirarriyar basira take da amfani na gaske. A cire sunayen mutane, a ba ta jadawalin, a tambaye ta: wane irin taro ne ya fi cin mai, a wane wata, nawa kowane taro yake ci mana idan an haɗa mai da leburori da shara? Za ta fito miki da abin da ido ba zai gani ba a shafukan littafi, misali cewa dinar da aka ce za a tashi ƙarfe goma ba ta tashi sai sha biyu, kuma waɗannan awa biyun ba wanda yake biya. Shawarata a nan ita ce a sa ta ta rubuta dabarar lissafin da za a saka a Sheets, a bar Sheets ya yi haɗawa da debewa, don takan yi tuntuɓe a dogon lissafi. Idan babu rubutun kuwa, ba abin da za ta iya, komai tsadarta. Shi ya sa na ce hanya ta uku ce farko.

A rubuce-rubuce ma tana sauƙaƙa aiki ƙwarai. Takardar farashi ga ma'aikata ko ƙungiyar da ke son taron bita, wasiƙar neman ciko da Turanci, daftarin yarjejeniyar kama wuri mai bayanin kuɗin ajiya saboda ɓarna da lokacin tashi, duk cikin minti kaɗan. Hausarta ce sai an sa ido. Takan ce wa mace "ka", takan jero jimlolin da ba Bahaushen da zai faɗa, saƙon murya kuwa, wanda da shi yawancin iyaye mata suke magana, idan da Sakkwatanci ne sai a hankali. Don tambayoyin kullum, nawa ne, mutum nawa yake ɗauka, akwai wurin ajiye mota, ba sai kin je da nisa ba. WhatsApp Business yana ba da damar ajiye amsoshi a tura da taɓawa ɗaya, da jera hotunan wuri, da saƙon da ke fita da kansa idan an tashi aiki. Ke kika rubuta su da bakinki, ba za su ƙara komai daga kansu ba.

Akwai abin da ban yarda a miƙa wa kowace na'ura ba. Ciniki a garin nan ba farashi kaɗai ba ne, akwai alfarma, akwai surukuta, akwai malamin unguwa da zai aurar da marainiya. Akwai kuma ranar da za a kira ki da asuba a ce an yi rasuwa a gidan amarya, an ɗaga biki. Yarjejeniya tana iya cewa kafin alƙalami ba ya dawowa, amma ke kin san za ki fara da ta'aziyya, ki nema musu wata rana, maganar kuɗi sai daga baya. Ki yi tunanin a ce a wannan safiyar saƙo ya fita da kansa yana tuna musu ciko. Duk wani saƙon tuni da aka saita ya riƙa fita shi kaɗai, a tabbata akwai mutumin da zai iya tsayar da shi.

Sai sirrin mutane. A hannunki akwai lambobin wayar 'yan mata da matan aure, da ranakun da gidaje za su zama babu kowa don an tafi biki. Littafi a kulle cikin durowa ya fi tsaro a nan fiye da wayar da ba ta da makulli. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ta shafi masu sana'a irinki da ke tattara irin waɗannan bayanai. Kada a kwafe suna da lamba a zuba wa ChatGPT ko waninsa, kada kuma a sa hoton amarya a talla sai an nemi izinin gidan.

Game da matashin nan, ban ce ki kore shi ba. Manhajar biya tana da ranarta, idan kin kai ɗakuna biyu ko uku, ko taro ya yi yawan da mutum ɗaya ba zai iya bin saƙonni ba. Kafin nan ki tambaye shi: da naira ake biya ko da dala, kuma duk wata ne? Idan kin daina biya, za ki iya kwashe bayananki? A hannun wa kalmar sirri take? Idan sabis ya ɗauke ranar biki, manaja zai iya ganin wanda ya biya da wanda bai biya ba? Ki sa ya gwada ta a gabanki da saƙon murya na Sakkwatanci da kuma tambayar Asabar ta biyu bayan Sallah, ki ji abin da za ta ce.

Idan ya nuna ya san aikinsa, ki fara biyan sa ladan kwana biyu ya saita miki kalanda da Sheets ya koya wa manaja. Adireshin Gmail ɗin a buɗe shi da sunan ɗakin taron, lambar da za a haɗa shi da ita kuma taki ce, ba tasa ba, ba ta manaja ba. Littafin ya ci gaba da aiki tare da wayar har ku wuce Sha'aban da bukukuwan bayan Sallah, duk daren Lahadi ku zauna da manaja ku gwada su ku ga ko bakinsu ya zo ɗaya.