Jirgin kuza da na gani a gidan tarihi na Jos

Gaskiya ba don gidan tarihi muka fita ba. Yara ne suka matsa sai an kai su gidan zu, da muka gama ƙanina ya ce tunda ga shi nan kusa, mu leƙa. Kuɗin shiga ba wani abu ba ne. Mai keken da ya kawo mu ne ma ya ɓata min rai, ya ga baƙi ya ninka kuɗi.

Mun zaga wajen tukwane da kawunan Nok, wato kawunan yumɓu na mutanen da, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su. An ce mana Bature Bernard Fagg ne ya kafa gidan a 1952. Duk na ji, amma hankalina bai tsaya ba sai da muka fito wajen tsohon jirgin ƙasa.

Ɗan ƙarami ne, wallahi. Faɗin layin dogonsa ƙafa biyu da rabi kacal. Shi ne jirgin da ke tasowa daga Zariya ya hau tudun Jos har Bukuru, an gama shimfiɗa layinsa a 1914, aka rufe shi a 1957. Ina ganinsa gabana ya faɗi, don wannan jirgin na sha jin labarinsa a bakin kakana tun ina yaro. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya mai arzikin kuza, Turawa suka rasa kuza, sai suka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso mutane dole daga ƙauyuka, abin da tsofaffinmu ke kira ɗiban gwamna. Kakana na cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Zazzau. Yakan ce ba aikin ne ya fi kashe mutane ba, sanyi ne da yunwa, don an kawo su da 'yar riga ɗaya.

Ina tsaye na dafa taragon, sai wani dattijo da ke zaune a inuwa ya ce, "Ɗana, ka san shi ne?" Na ce, "Baba, kakana ya hau shi." Ya matsa min wuri na zauna. Ashe shi ma ya yi lebura a Bukuru yana saurayi. Ya cire hularsa ya nuna min tsakar kansa, inda kwanon sarki ya cinye gashin. Ya kwatanta min da hannu yadda ake wanke ƙasa a ruwa, yashi ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa, heluma, wato shugaban leburori, na tsaye yana ƙirga kwano. Mun fi rabin awa, yarana da ba sa zama wuri ɗaya suka yi tsit. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ko sunansa ban tambaya ba.

Na fito ina cewa wannan ziyara ta biya. Amma a hanyar Bukuru da yamma, da na ga kududdufan nan da kamfanoni suka haƙa suka bari, raina ya sake ɓaci. Ruwa shuɗi kamar abin sha'awa, alhali yana cin yara da dabbobi, gonaki kuma sun tafi. Sunayen Turawan da suka kwashi arzikin na nan a rubuce a littattafai. Na kakana da dubban irinsa fa? Har na ji kamar da ban je ba, don ya tono min abin da ya kwanta.

Duk da haka zan koma. Na riga na gaya wa Inna, in an yi hutun Sallah zan kawo ta ta ga jirgin da ya ɗauki mahaifinta. Ta ce in saya mata rigar sanyi tukuna.