Wasiƙa zuwa ga Yaya kan gidajen abincin Landan

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kina lafiya, da maigida da yara, ya kuma jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin tambaye ni kan bidiyon da yara suka nuna miki a waya, na baturen nan da ke shiga kicin ɗin mutane yana daka musu tsawa, ko da gaske ne ana gyara wa mutum gidan abinci ba tare da ya biya ko kwabo ba. Da gaske ne. Sunansa Gordon Ramsay, kuma gwanin girki ne tun kafin talabijin ta san shi. Shirin ya fara a nan Birtaniya a 2004 a tashar Channel 4 da sunan Ramsay's Kitchen Nightmares, sai a 2007 tashar Fox ta Amurka ta fara yin nata. Na nan ya fi natsuwa, ya fi mai da hankali kan girki da lissafi. Na Amurka ne mai yawan hayaniya da kiɗa da sabbin kujeru. Akwai ma wani a can, Restaurant: Impossible, na Robert Irvine, da ya fara a 2011, wanda ƙa'idarsa ita ce masu shirin su gyara gidan abinci cikin kwana 2 da dala 10,000.

Galibin wuraren da suke zuwa na iyali ne da bashi ya yi wa katutu: uba a wajen karɓar kuɗi, uwa a kicin, ɗa ko 'ya na kai wa baƙi abinci. Mai shirin zai zauna ya ci, ya kushe. Sai ya buɗe firji kyamara na ɗauka, a ga ɗanyen nama a kan dafaffe, a ga miyar da ba wanda ya san ranar da aka yi ta. Daga nan a tara iyalin, a sa kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, ɗa ya gaya wa mahaifinsa baƙar magana, uwa ta fashe da kuka. Cikin dare a yi fenti, a sauya faranti da fitilu, gari na wayewa a buɗe da sabon jerin abinci.

Wannan sashen na tonon silili yana sosa min rai, Yaya. Mutum ya zuba gidansa jingina, ya shafe shekaru yana tsaye a gaban wuta, ga shi an nuna wa duniya yawan bashinsa da faɗansa da matarsa. Mu da muka tashi muna roƙon Allah rufin asiri, wannan farashi ne mai tsada ƙwarai. Kuma da yawa daga cikin wuraren sun rufe daga baya, domin fenti ba ya biyan kuɗin haya, kuma banki bai yafe wa kowa bashi don ya fito a talabijin ba.

Duk da haka ba zan ce miki komai ƙarya ne ba, domin ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci na iyali, wanke-wanke da yanke-yanke, kuma abin da Ramsay yake faɗa a kai shi muke yi kullum. Duk robar da za ta shiga firji sai an manna mata takarda da kwanan wata. Katakon yanka kowanne da launinsa: ja na ɗanyen nama, shuɗi na kifi, rawaya na dafaffen nama, kore na ganye. Safe da yamma ana duba sanyin firji a rubuta a littafi, kada ya haura digiri 8, abincin da ke jiran mai saye kuma kada zafinsa ya yi ƙasa da 63. Jami'in ƙaramar hukuma yana zuwa ba sanarwa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin murhu da tocila, ya ba da maki daga 0 zuwa 5, a ba ku takarda mai kore da baƙi ta mannawa a ƙofa. Akwai kuma abubuwa 14 da doka ta ce dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci, saboda masu cutar da jikinsu ba ya karɓarsu. Gyaɗa na ciki. Mai tsire a nan sai ya bayyana cewa akwai ƙuli-ƙuli a yajinsa, don akwai wanda ɗan kaɗan zai iya kai shi lahira.

Sai dai a tuna su wutarsu ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa. Ke da kike sayen ƙanƙara da man janareta da ruwan 'yan garuwa, kuma ba a taɓa jin wani ya yi ciwon ciki a wajenki ba, aikinki ya fi nasu wuya.

Tsadar abinci a nan kuwa tana da dalili. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Harajin VAT kashi 20 ne cikin 100. Wurare da yawa a Landan suna ƙara kashi 12.5 a kan kuɗin abinci da sunan ladan hidima. Shi ya sa babu gyara, babu "ƙaro min miya", babu "zuba min zan kawo gobe". Komai a auna yake. Abin da ya yi saura kuma sau da yawa shara yake tafiya, inda a wajenki da almajirai da maƙwabta sun kwana da ƙoshi. Naman halal ba ya wuya, mahauta na ko'ina, amma kazarsu ta gidan gona ce, laushi ba ɗanɗano, ko kusa ba ta kama ƙafar kazar Hausa ba. Attaruhu da doya da manja ana samu a Peckham, unguwar da 'yan Najeriya suka yi yawa.

Abu biyu nake so ki ɗauka. Kusan duk inda Ramsay ya je sai ya tarar da jerin abinci mai tsawo, sai ya zaftare shi ya bar kaɗan da za a iya yi da kyau. Tuwon shinkafa da miyar taushe da dambunki ne ke kawo mutane; taliya da sakwara da kika ƙara bara, ki duba ko suna mayar da kuɗinsu. Na biyun ya fi nauyi: kuɗin ciniki daban, kuɗin cefanen gida daban. A shirin, sau da yawa ba abokin gasa ne ke durƙusar da wuri ba, 'yan gida ne, kowa ya sa hannu a aljihun tebur, ba wanda ke rubutawa. Ki sayi littafi, ki ɗora babbar 'yarki a kai tunda ta iya lissafi, ki kuma yanka wa kanki albashi kamar sauran ma'aikata. Na san za a yi ƙorafi a gida, ki ce ni na ce.

Idan kin samu mai zuwa, ki aiko min da kuka da yaji. Kada ki haɗa da kilishi, an hana shigo da nama daga Najeriya, a filin jirgi za su karɓe. A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninki.