Kayan Kwana a Bakin Tafkunan Tsaunukan Sierra Nevada Lokacin Zafi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Wanda zai sayi kayan zuwa kwana a bakin tafkunan da ke saman tsaunukan Sierra Nevada, a jihar Kaliforniya ta Amurka, yakan shiga kanti ne a watan Yuli ko Agusta, lokacin da zafi a garuruwan kwari irin su Fresno yake haura digiri 37, saboda haka hankalinsa yakan koma kan abin da zai rage masa gumi. Nan ne yawancin kuɗi yake tafiya inda bai dace ba. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, kuma tafki irin Thousand Island yana kusan mita 3,000 ne sama da teku, Rae Lakes kuwa sun ɗara haka. Ranar da ta ƙona maka wuya a hanya tana iya ƙarewa da daren da ruwa zai daskare a bakin gora. Don haka dare ne ya kamata ya yanke maka abin da za ka saya, ba tsakar rana ba.

Jakar barci ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Akwai wadda aka cusa wa lallausan gashin agwagwa ko na dinya, akwai kuma ta zaren roba. Ta gashi ta fi sauƙin nauyi, tana matsuwa ta zama ƙarama a cikin jakar goyo, tana kuma daɗewa idan ana kula da ita, amma tana da tsada, kuma idan ta jiƙe ɗuminta yakan tafi. Ta roba tana da araha, tana riƙe ɗan ɗumi ko da ta yi laima, sai dai tana cin wuri, kuma cikonta yana kwanciya bayan 'yan shekaru. Da yake iskar waɗannan tsaunuka busasshiya ce a bazara, ina ganin ta gashi ta fi dacewa da wanda zai riƙa zuwa kowace shekara, ta roba kuwa ta ishi mai gwaji.

Abin da ya fi nau'in cikon muhimmanci shi ne lambar da aka rubuta a jikin jakar. Ma'aunin ISO 23537, wanda ya gaji EN 13537, yana ba da lambobi uku: ta jin daɗi, wato sanyin da mai saurin jin sanyi zai yi barci a cikinsa lafiya, ta iyaka, inda mai jure sanyi zai yi barci a ƙudundune, da ta ƙarshe, wadda ta tsira da rai ce kawai. Kamfanoni da yawa suna sa lambar iyaka a sunan jakar domin ta fi burge mai saye. Ka nemi wadda lambar jin daɗinta take kusa da sifiri, ka manta da ta ƙarshen. Masu son rage nauyi suna sayen bargon da ba shi da baya ko hula, wanda ake ɗaurawa a jikin shimfiɗa; yana da daɗi a daren da bai yi sanyi ba domin ana iya fitar da ƙafa, amma mai yawan juyi a barci zai sha iska ta gefe.

Jakar ba ta aiki ita kaɗai, domin gashin da ka danne da bayanka ba ya riƙe ɗumi, ƙasar dutse kuwa tana zuƙe shi. Ana auna shimfiɗa da lambar R, wadda ke nuna yadda take hana ɗumin jiki zurarewa ƙasa; idan lambar ta fi girma, ɗumin ya fi yawa. Ta soso mai naɗewa, kamar Z Lite ta kamfanin Therm-a-Rest, tana da R kusan 2, ba ta hujewa, kuma ana iya zama a kanta lokacin hutu. Ta hurawa tana iya haura R 4, ta fi laushi ƙwarai, amma tsinin dutse ɗaya ya isa ya kwantar da kai a ƙasa kafin asuba. Wanda ya zaɓe ta kada ya bar ɗan facin da ake haɗawa da ita a gida.

Ruwa shi ne inda zafin yake da ta cewa. Kowace lita kilo ɗaya ce a bayanka, saboda haka ba wanda zai ɗauko ruwan kwana biyu daga mota. Abin da ake saye shi ne hanyar tsabtace na rafi da na tafki, waɗanda duk kyansu a ido suna iya ɗauke da giardia da cryptosporidium, ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. Matatar da ake matsawa, irin Sawyer Squeeze ko Katadyn BeFree, tana da ƙofofi masu faɗin maikuron 0.1, nauyinta bai kai gram 100 ba, kuma ana shan ruwan nan take, abin da mai ƙishi a tsakiyar hawa ba zai raina ba. BeFree ta fi saurin zuba tana sabuwa, Squeeze kuma ana iya wanke ta da tura ruwa ta baya, shi ya sa ta fi jure amfani. Dukansu suna lalacewa idan ruwan cikinsu ya daskare, kuma ba a ganin lalacewar da ido, don haka a daren sanyi a cikin jakar barci suke kwana. Ƙwayoyin maganin chlorine dioxide da ake jefawa cikin ruwa ba su da nauyi ko kaɗan, amma sai an jira kusan minti 30, cryptosporidium kuwa sai awa 4. Tafasawa tana kashe komai, sai dai sama da mita 2,000 ana son a bar ruwan yana tafasa minti 3, ga cin gas, ga shan ruwan zafi da rana tsaka. Matata tare da 'yan ƙwayoyi a aljihu domin ko-ta-kwana ita ce haɗin da ya fi ma'ana. A ƙarshen bazara wasu ƙoramun da taswira ta nuna sukan ƙafe, don haka gorunanka su iya ɗaukar lita 2 zuwa 3.

Akwai sayayya ɗaya da doka ta riga ta yanke. A dajin Yosemite dole ne a adana abinci a cikin gwangwanin da beyar, babbar dabbar dajin da ƙanshin abinci ke jawowa, ba ta iya buɗewa, haka a dajin Desolation Wilderness tun 2022, da wurare da dama na gandun Inyo. BearVault BV450, mai kimanin lita 7, ya ishi mutum biyu kwana ɗaya. BV500 mai lita 11.5 na doguwar tafiya ne. Bearikade ya fi su sauƙin nauyi, amma farashinsa ya ninka nasu. Buhun Ursack yana da daɗin ɗauka, amma Yosemite ba ta amince da shi ba. Ba abinci kaɗai ake sawa ba, har man goge haƙora, man kare rana da shara. Mai zuwa sau ɗaya ya tambayi ofishin da zai karɓi takardar izinin kwana a dajin, domin wasu suna ba da haya. Kuma a sayi gwangwanin kafin jakar goyo, a je da shi kanti a gwada, tunda shi ne yake tilasta wa mutane da yawa ɗaukar jaka mai lita 50 ko fiye.

Tanti ba ya bukatar dogon lissafi. Leda mai rufi kawai tana burgewa da rashin nauyi, amma daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ƙanƙara ta narke, sauron bakin tafki yana fitowa gari guda, kuma hadari mai tsawa yakan taso da la'asar. Tanti mai raga a ciki da rufin ruwa a waje yana maganin duka biyun, kuma wanda yake tsayuwa da sandunansa ya fi sauƙi inda ƙasa dutse ce da turke ba ya shiga.

Game da girki, murhun gas mai ɗan gwangwani ne zaɓin da ba ya jawo matsala, domin an hana hura wutar itace sama da ƙafa 9,600 a Yosemite da ƙafa 10,000 a dajin Kings Canyon, kuma idan aka tsaurara dokar gobara a lokacin fari, murhun da ba shi da makunnin kashewa, kamar mai amfani da sinadarin alkohol, yakan shiga cikin abin da aka hana. Tufafin rana kuwa, riga mara nauyi mai dogon hannu da hula mai faɗi sun fi singileti, saboda hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000. Auduga tana sanyaya jiki a lokacin hawa, amma tana riƙe gumi, saboda haka a ajiye busasshiyar riga da rigar sanyi a ƙasan jaka, a sauya su da zarar an isa tafki, kafin rana ta faɗa bayan tsauni.