Na'urar Birail ɗina da saiwar 27

Wata huɗu ke nan da Yaya ya kawo mini na'urar Birail, wato rubutun da mu makafi muke karantawa da yatsa, daga Jidda, ta hannu ce, mai guraben haruffa 32. Kun san kuɗinta, ba sai na faɗa ba. Kalkuletan kimiyya da ke cikinta ne ya sa na matsa masa, don na gaji da jiran ƙanwata ta dawo daga makaranta ta danna mini lissafi a waya.

Ranar farko daɗi kamar ya kashe ni. Na gwada saiwar murabba'i, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda aka sa, wadda Ustaza ke ce wa jazr tarbi'i. Na sa 144, sai ga 12 ta taso ƙarƙashin yatsana. Na sa 2, ɗigogi suka jeru, 1.41421356, na shafa su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya karanta mini. Har na yaba ta a gaban 'yan ajinmu.

Daren jarrabawa ne ta ɓata mini rai. Na nemi saiwa ta uku ta 27. Kowa ya san 3 ce, don 3 sau 3 sau 3 shi ne 27, amma ta ba ni 1.0415. Na share, na sake, sau shida, amsar ba ta canza ba. Yaya na shigowa daga Harami bayan Isha na ce, "Yaya, wallahi an cuce ka." Ya ce, "Yi haƙuri ƙanwata, kawo mu gani." Sai wajen sha biyun dare muka gano. Ni a tsarin Nemeth, na rubuta lissafi da Birail, na koya, inda ake fara sa ɗigo 1-2-6, sai 3, sai alamar saiwa mai ɗigo 3-4-5, sannan lambar. Ita kuwa lambar take so a fara, shi ya sa take lissafa mini saiwa ta 27 ta 3. Littafinta na Turanci ne zalla, layi guda ya yi a kan wannan, babu ko misali.

Da na bi ta hanyar ɗaga 27 zuwa 1/3, sai ta ce 9, domin ban rufe 1/3 cikin baka biyu, wato (1/3), ba, sai ta raba 27 gida uku. Wannan laifina ne, na yarda. Amma -8 fa? Saiwarta ta uku -2 ce, ita kuwa kullum saƙon "kuskure" take rubuta mini maimakon amsa. Kuma in na bar ta a Larabci, 1-2-6 ɗin nan harafin gain take ɗaukarsa.

Ina amfani da ita har yau, sai dai ba na fara aikin gida sai na gwada ta da 27 na ji 3 a yatsana.