Teburin mai jaridar titin Ahmadu Bello: naira ɗari, benci biyu, gardama kyauta

Tun da na yi ritaya daga koyarwa, da wuya hantsi ya yi ban leƙa teburin wani mai jarida da ke gefen titin Ahmadu Bello a Kaduna ba, ɗan nesa kaɗan da dogon ginin jaridar New Nigerian. Wurin ba shi da allon suna. Tebur ne na katako, an danne jaridu da duwatsu saboda iska, ga benci biyu a inuwar darbejiya. Ka miƙa naira ɗari, ka karanta duk wadda ka ga dama har ka gaji. Sharaɗin Baba mai jarida uku ne: ba a ninke masa jarida, ba a taɓa ta da biro, ba a lasar yatsa wajen buɗe shafi.

Shekarun baya ni ma saye nake yi in tafi gida da abata. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, kuɗin fansho ya daina kai wa nan. Ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa benci ya cika tebur ya rame. Yanzu kwafi huɗu ko biyar Baba yake karɓa na kowace jarida, kuma duk da haka sai ya mayar da kwantai. Ya taɓa warware mana dalilin tsadar, kuma ya fi wasu masu sharhi a rediyo iya bayani: takardar da ake buga jarida daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antar Oku Iboku ta jihar Akwa Ibom ta daɗe da durƙushewa, dala kuwa da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, ga motar da ke raba jarida da asuba ita ma fetur take sha. Sai shafuka suka ragu. Wata ranar ma rabin abin da ya saura hotunan manya ne ana taya su murnar zagayowar ranar haihuwa.

Amma gaskiya ba don takardar kaɗai nake biyan ɗarin nan ba. Akwai wani tsohon ma'aikacin masaƙa daga Kakuri, wanda kowace magana sai ya mayar da ita kan yadda aka bar masaƙun Kaduna suka mutu. Akwai wani matashin lauya mai kare cire tallafi da lissafi, yana cewa kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru. Mai keke Napep ɗin da ke tsayawa shan shayi kusa da mu amsarsa ɗaya ce kullum: "Barista, a wane gidan mai ake karɓar lissafin nan?" Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, da aka ɗage dokar hana fita, sai da muka kwashe mako guda ana musu kan wa ya jawo ɓarnar, har aka kusa ba hammata iska.

A nan ne amfanin teburin yake fitowa. Kowa yana zuwa da abin da ya ji a WhatsApp, wani saƙon murya da ba a san mai shi ba, an ce an ce. In gardama ta yi zafi, Baba ba ya shiga, sai dai ya ce, "Alhaji, nuna mana a shafi." Sai a hau buɗe jaridu uku ana gwada yadda kowace ta kawo labarin. Ban ce jarida ba ta kuskure ko son kai ba, mun san wadda ke karkata Kudu da wadda ke karkata Arewa. Sai dai a ƙasan labarin akwai sunan wanda ya rubuta, gobe kuma takardar tana nan, ba wanda zai goge ta.

Aibun wurin ma ba kaɗan ba ne. Jaridu kan makara, wani lokaci har ƙarfe goma, alhali labarin tun daren jiya yana waya. Benci ɗaya yana da ƙusa, ta yaga mini babbar riga, na yi ƙorafi sau biyu, har yau tana nan. Mai son karatu cikin natsuwa kada ma ya zo. Ban taɓa ganin mace ta zauna ba, sai dai ta saya a tsaye ta wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarancin jaridun Hausa: in ka ɗebe Aminiya da ke fitowa mako-mako, sai ka yi sa'a. Mahaifina Gaskiya Ta Fi Kwabo yake karanta wa mutanen unguwa a zaure, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, kuma kwabon nan na sunanta shi ne kuɗinta.

Samari kuwa sukan tsaya su ɗauki hoton shafin farko da waya su wuce, ko sisi ba su bayarwa. Baba ya daina yi musu faɗa. Ya ajiye na'urar POS a ƙarshen tebur, yana kuma sayar da katin waya, ya ce su ne ke ciyar da jaridun yanzu. Na tambaye shi ko ɗansa zai gaje shi, ya yi dariya ya ce POS ɗin dai zai gada.

Mai son zuwa ya zo tsakanin goma da sha biyu, ranar Litinin ko Juma'a, ya riƙo canji don Baba ba ya son a tura masa naira ɗari ta banki. Ya kuma zauna a bencin hagu.