Ƙafafun D+ da D- a allon da wuta kawai yake sha: a bar su a sake, a haɗe su, ko a kai su girawun?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, ɗalibi mazaunin Gwallameji a Bauchi, ya yi tambaya game da allon haɗa kayan lantarki (PCB) da yake tsarawa na fitilar karatu da ƙaramar fanka. Allon zai riƙa shan bolt 5 ta soket ɗin USB, amma ba zai aika bayani ba, ba zai kuma karɓa ba. Wasu masu gyaran waya sun ce masa ya haɗe ƙafar D+ da ta D- (ƙafafun soket biyu da bayani yake bi ta cikinsu) da dalma, wasu sun ce ya kai su girawun (layin da wuta take komawa ta cikinsa, mai bolt sifili), shi kuwa yana son sanin wadda ta fi.

Ɗan'uwa, a ganina hanyar da ta fi dacewa da aikinka ita ce ta ukun da ba a ambata maka ba, wato ka manna ƙafafun biyu a mazauninsu don soket ya yi ƙwari, amma kada ka ja musu layi zuwa ko'ina.

Dalili yana cikin yadda kwamfuta take gane cewa an jona mata wani abu. A ɓangarenta, kowane layin bayani yana da rizisto (ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, ana auna shi da om) mai kilo-om 15 da ke riƙe shi a girawun. Na'urar da take son a yi magana da ita takan sa rizisto mai kilo-om 1.5 tsakanin bolt 3.3 da ɗaya daga cikin layukan, sai kwamfuta ta ga layin ya tashi ta fara tambayarta ko wace ce. Allon da ya bar layukan a sake bai yi sallama ba, don haka babu mai tambayarsa komai, wutar bolt 5 kuwa tana nan a soket mai faɗi na USB-A ko an yi sallama ko ba a yi ba. Abin da wannan hanya take ragewa shi ne izini. Ƙa'idar USB 2.0 ta shekarar 2000 ta ba na'urar da ba ta gabatar da kanta ba miliamfiya 100 kacal (miliamfiya 1000 ne amfiya ɗaya, ma'aunin yawan wutar da ake ja), sai bayan an daidaita da ita za ta iya kai wa 500. A aikace kwamfutoci da yawa ba sa yanke wuta sai an wuce iyaka sosai, amma wannan kawaici ne, ba haƙƙinka ba ne, kuma fanka da fitila tare za su wuce 100 cikin sauƙi. Idan daga kan caja ko fawa bank za ka riƙa shan wutar, wannan damuwa ba ta taso ba.

Masu cewa a haɗe ƙafafun biyu ba ƙirƙira suka yi ba, sai dai sun ɗauko dabarar daga ɗaya ɓangaren. Ƙa'idar cajin batir ta USB, bugu na 1.2 da ya fito a 2010, ta ce cajar da ba ta ɗauke da bayani ta haɗe D+ da D- a cikinta da abin da bai wuce om 200 ba. Idan aka jona wayar salula, sai wayar ta ɗora kimanin bolt 0.6 a kan D+ ta duba ko zai ɓullo a D-. In ya ɓullo, ta san soket ne na caji, ba soket ɗin kwamfuta na yau da kullum ba, kuma tana iya jan har amfiya 1.5. Saƙo ne daga mai bayarwa zuwa mai karɓa. Mai haɗa akwatin cajin wayoyi da batir da sola yana da gaskiya idan ya yi haka, domin shi ne mai bayarwa. Allonka kuwa mai karɓa ne, kuma haɗin ba zai ƙara maka ko miliamfiya ɗaya ba, tunda caja ba ta duba shi kafin ta ba da wuta.

Kai su girawun ma haka yake: a wajen kwamfuta bai canza komai ba tunda dama a can suke, kuma ranar da ka so ƙara guntun sarrafawa mai buƙatar bayani sai ka kankare layi.

Akwai abubuwan da ba a tambaya ba amma sun fi waɗannan haɗari. Kada ka haɗa layukan da bolt 5, domin siginarsu ta bolt 3.3 ce. Kada kuma ka kwaikwayi jeren rizistocin da za ka gani a cikin wasu cajoji, irin tsarin Apple mai ɗora bolt 2.0 ko 2.7 a kan layukan. Cajojin Quick Charge, tsarin saurin caji na kamfanin Qualcomm, suna sauraron waɗannan layuka ne don sanin ƙarfin da na'ura take nema: bayan gaisuwar farko, bolt 3.3 a D+ da 0.6 a D- yana nufin a ba da bolt 9, sannan 0.6 a duka biyun yana nufin bolt 12. Allon da aka gina don bolt 5 bai kamata ya yi wasa a kusa da waɗannan lambobi ba, musamman da yake ba ka san irin kan cajar da wani zai sayo a kasuwar Wunti ya jona ba.

Idan soket ɗin da ka zaɓa USB-C ne, D+ da D- har yanzu a sake za su zauna, amma hankalinka ya koma kan CC1 da CC2, ƙafafu biyu da caja take gane an jona mata na'ura ta cikinsu. Kowace ɗaya tana buƙatar nata rizisto mai kilo-om 5.1 zuwa girawun. Ba tare da su ba, caja mai bakin C ba za ta saki wuta ba ko kaɗan, ko da yake allon zai yi aiki da kebul mai kan A a ɗaya gefen, kuma wannan ne yake ruɗar mutane har su zargi caja. Rizisto ɗaya ga ƙafafun biyu ma kuskure ne. Haka ya faru da bugun farko na ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 a 2019, inda kebul masu guntun shaida a ciki suka sa caja ta ɗauke shi a matsayin kayan sauti ta hana shi wuta, har sai da aka gyara allon. Ta ƙafafun CC ɗin ne kuma caja take sanar da ko amfiya 1.5 ko 3 take iya bayarwa, don haka wanda yake son wuta mai yawa bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ya bi ta nan.

Kafasito (ɗan abin da ke tara wuta na ɗan lokaci) da ke kan layin bolt 5 kai tsaye kada ya wuce maikrofarad 10, don kada allon ya fizgi wuta da yawa a lokacin jonawa. Kafin ka aika zanen a buga, ka bar wa D+ da D- ƙananan wuraren manna waya guda biyu kusa da soket, sannan idan allon ya iso ka gwada shi da kebul mai C a duka kawunansa, ka kuma auna abin da fankar take ja da mita a daidai lokacin da take tashi.