Tulib da amarilis a falon Kaduna: wanne zai jima, wanne zai dawo baɗi?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce an kawo miki tukwanen fure biyu tsaraba, ɗaya tulib ɗaya amarilis, duka sun fara buɗewa, kina son sanin yadda za su jima a falo da kuma ko za su sake fure baɗi. Duka biyun daga wani tushe mai kama da albasa suke tsirowa, amma kulawarsu ba ɗaya ba ce, domin ba ƙasa ɗaya ta haife su ba.

Tulib asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne, yau kuma Holan ce ta fi kowa nomansa. Ɗan sanyi ne na gaske. Ya fi jimawa a ɗakin da bai wuce digiri 15 ba, a nan yakan kai mako ɗaya zuwa biyu. Mu kuwa sai a daren Disamba da Janairu muke samun irin wannan sanyin, ga Maris da Afrilu rana na haura digiri 35. A irin wannan zafi, kwana kaɗan za ki ga ganyen furen ya baje ya zube. Abin yi shi ne ki sa shi a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, nesa da taga mai rana, nesa da talabijin da bayan firji, kuma kada iskar fanka ko ta esi ta riƙa dukansa kai tsaye. Idan hunturu ne, ki fitar da shi baranda da dare ya sha sanyi, ki shigo da shi kafin hantsi. Batun baɗi kuwa, ki cire rai. Albasarsa ba ta sake fure sai ta yi mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba, ba yankewa. Firjin da ake ɗauke wa wuta kullum ba zai iya ba, kuma wadda aka tilasta ta yi fure a tukunya ta riga ta ƙarar da ƙarfinta. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Amarilis ne ya cancanci wahalarki. Daga Kudancin Amurka yake, ƙasashen zafi, shi ya sa za ki ga danginsa masu jan fure suna fitowa da rani a tsakar tsofaffin gidaje ba tare da wani ya damu da su ba. Sanda ɗaya yawanci fure huɗu take ɗauka, babbar albasa kuma takan fitar da sanda biyu, ɗaya bayan ɗaya, don haka kina iya shafe makonni kina kallo. Shi ma da zarar ya buɗe, ki janye shi daga rana zuwa bayan labule mai haske. Ki riƙa juya tukunyar kaɗan kullum, in ba haka ba sandar ta karkata wajen taga har nauyin furen ya kayar da ita. Ga wata dabara da nake so ƙwarai: ki leƙa cikin furen, za ki ga 'yan zare shida, kowanne da ƙullin gari mai ruwan ɗorawa a kansa. Ki tsinke ƙullin da almakashi tun garin bai fashe ba. Furen da garin bai taɓa ba ya fi jimawa, kuma labulenki ba zai ɓaci ba.

Ruwa ne ke kashe yawancinsu a hannunmu. Iskar hunturu kan busar da saman ƙasa, sai mutum ya ɗauka ƙishi ne, ya yi ta zubawa alhali ƙasan tukunyar jagab yake. Ki tura yatsa zuwa gaɓa ɗaya. In da danshi ki bari. Ki zuba a gefe, ba a kan wuyan albasar ba, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Kashi ɗaya cikin uku na albasar amarilis ya kasance a waje, kada ki binne shi duka. Abin da suka yi tarayya a kai kuma shi ne ƙin zama kusa da kwandon ayaba, mangwaro ko tumatir, domin iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana tsufar da fure da wuri.

Idan amarilis ya gama, ki yanke sandar kusa da albasa, amma don Allah kada ki taɓa ganyen. Da shi yake tara abincin furen gaba. Ki mayar da tukunyar baranda inda rana ta safe ke samunta, ki riƙa ba shi taki kaɗan duk damina, ki tabbata ruwa na tsiyayewa. Wajen Oktoba ki daina ba shi ruwa, ki ajiye shi a inuwa mako 8 zuwa 10, sannan ki cire busasshen ganye ki fara shayar da shi a hankali. Cikin mako 6 zuwa 8 yakan buɗe. Ki ajiye tukwanen inda yara da awaki ba sa kaiwa, kuma nesa da kicin, domin albasar duka biyun guba ce, ga ta kama da ta miya.